Daga furfure zuwa naira: Dalilin da ya sa kuɗi ke sauƙaƙa ciniki

Musayar kaya da kaya, wadda Bahaushe ke kira furfure, ko kuma ya yi mata laƙabi da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, ita ce cinikin da ake ƙullawa ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Mai gero ya miƙa geronsa ya karɓi nono, mai tabarma ya ba da tabarmarsa a ba shi kaza. Irin wannan ciniki tsoho ne ƙwarai, kuma har yau bai mutu ba. Yana nan a rugage da ƙauyuka, yana nan a tsakanin manyan ƙasashe, sa'annan yakan sake ɗago kai a birane duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci ko darajarsa ta lalace, kamar yadda 'yan Najeriya suka shaida a farkon shekarar 2023.

Sanin inda furfure ke cijewa shi ne hanya mafi sauƙi ta gane aikin da kuɗi ke yi wa ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, da kuma asarar da ke samun su idan kuɗin ya kasa yin wannan aiki.

Inda aka san furfure

A ƙasar Hausa, furfuren da ya fi shahara shi ne na matan Fulani masu tallan nono, waɗanda kan shiga gidajen manoma su ba da nono ko man shanu su karɓi gero ko dawa. Akwai kuma tsohuwar al'adar da makiyayi kan sauka da garkensa a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya saka da damin hatsi. A Jamhuriyar Nijar, ayarin raƙuman Abzinawa ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma ɗauke da gero, ya dawo da kantun gishiri da dabino, waɗanda daga bisani ake gangarowa da su kasuwannin ƙasar Hausa. A kudancin Najeriya ma akwai kasuwar Esuk Mba da ke Ƙaramar Hukumar Akpabuyo ta Jihar Kuros Riba, wadda ke ci ranar Asabar, inda manoma da masunta ke musayar amfanin gona da kifi.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne, kayan da ake musaya kaɗan ne, ɓangarorin biyu sun san juna, kuma kowane ɓangare yana da tabbacin abin da ɗayan ke buƙata. Mutumin Bilma ba ya noma geron da zai ishe shi, ga shi kuma da gishiri jibge, shi ya sa ba a shan wahalar daidaitawa. Matsala tana farawa ne idan kasuwa ta faɗaɗa, kaya suka yawaita, baƙi suka shigo.

Cikas huɗu da ke tattare da furfure

Cikas na farko shi ne dacewar buƙata. Kafin ciniki ya faɗa, tilas mai kaya ya sami wanda ke son kayansa, kuma ya zamana wannan mutumin yana riƙe da ainihin abin da shi mai kayan ke nema, a daidai wannan lokaci. Maɗinkin da ke son nama sai ya nemo mahaucin da ke buƙatar riga. Idan mahaucin yana da riguna, takalmi yake so, sai maɗinki ya fara neman baduku mai son riga, ya karɓi takalmi, sa'annan ya koma wurin mahauci. Yinin da ya kamata ya yi a kan keken ɗinkinsa ya tafi a yawon neman abokin musaya. Masanin tattalin arziƙin Ingila William Stanley Jevons, a littafinsa kan kuɗi na shekarar 1875, shi ne ya fi fito da wannan matsala fili, har ta zama darasin farko da ake koya wa ɗalibai.

Na biyu shi ne rashin ma'auni guda. A kasuwar da babu kuɗi, kowane kaya yana da farashi da kowane kaya: buhun masara da awaki, buhun masara da atamfa, atamfa da awaki, haka dai har ƙarshe. Idan kaya iri 10 ne a kasuwa, farashi 45 mutum zai riƙe a ka. Idan iri 100 ne, farashin ya zama 4,950. Idan suka kai iri 1,000, adadin da kasuwa irin ta Singa ko Kantin Kwari a Kano ta zarce nesa ba kusa ba, ana maganar farashi 499,500 ke nan. Da zarar an sami abu guda da ake auna komai da shi, kaya 1,000 farashi 1,000 kawai suke buƙata.

Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, ya riga Jevons bayyana waɗannan matsaloli biyu da fiye da shekara 700. A cikin Ihya'u Ulumid Din ya buga misali da mai za'afaran da ke buƙatar raƙumin hawa, da mai raƙumin da wataƙila ke son za'afaran. Babu wata alaƙa ta awo ko ta siffa tsakanin raƙumi da za'afaran da za ta nuna yawan za'afaran ɗin da ya yi daidai da raƙumi guda. Saboda haka ya bayyana dinari da dirhami a matsayin alƙalai biyu da ke raba gardama tsakanin dukiyoyi, ya kuma kamanta su da madubi, wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi.

Cikas na uku shi ne rarrabuwa. Mai saniya da ke son mudun gishiri ba zai yanki ƙafar saniyarsa ya bayar ba. Yawancin dukiya mai daraja, kamar doki da gida da babbar riga, tana lalacewa idan aka gutsura ta, don haka babu canji a furfure.

Na huɗu shi ne ajiya. Tumatir yana ruɓewa, nono yana tsami, hatsi yana cin ƙwari, dabba tana buƙatar ci da sha, tana kuma iya mutuwa. Jevons ya kawo labarin wata mawaƙiyar Faransa da ta yi wasa a tsibiran Society da ke tekun Fasifik, aka biya ta kasonta da aladu 3, da talo-talo 23, da kaji 44, da kwakwa 5,000, ban da tulin ayaba da lemo. Da a Faris ne, wannan kaya kuɗi ne mai kauri. A tsibirin kuwa, tun da ba za ta iya cinye su ba, dole ta riƙa ciyar da aladun da kajin da 'ya'yan itatuwan da aka biya ta da su.

Ayyukan da kuɗi ke yi

Kuɗi yana warware kowane ɗaya daga cikin waɗannan cikas. Aikinsa na farko shi ne shiga tsakani. Yana raba ciniki guda gida biyu, sayarwa daban, saye daban. Maɗinki ya sayar wa duk mai son riga, ya sa kuɗin a aljihu, ya je wurin mahauci ko da mahaucin bai taɓa ganin ɗinkinsa ba. Aiki na biyu shi ne zama ma'auni, wanda da shi ake tayi, ake cewa albarka, ake sallamawa, da shi kuma ɗan kasuwa ke gane ko ya ci riba ko uwar kuɗi ta karye. Na uku shi ne ajiyar daraja, yadda manomi zai sayar da amfaninsa da kaka ya sayi taki da bazara. Na huɗu shi ne zama abin rubuta bashi da alkawari: albashi, da fansho, da kuɗin haya, da adashi, da kwangila, duk alkawura ne na biyan wani adadi a wata rana mai zuwa.

Daga nan ne babbar fa'ida ke fitowa, wato kowa ya tsaya a kan sana'ar da ya fi iyawa. Adam Smith, a littafinsa kan arziƙin ƙasashe na shekarar 1776, ya nuna cewa rabon aiki shi ne tushen yalwa, kuma rabon aiki ba ya zurfi sai kasuwa ta yi faɗi. Malamin makaranta, da likita, da akawu, da direban tirela, babu wanda a cikinsu ke samar da abin da mai shinkafa zai karɓa hannu da hannu. Malamin lissafi ba zai iya biyan mai kayan miya da darasi ba. Aikin gwamnati gaba ɗayansa, daga karɓar haraji zuwa biyan albashi, a kan kuɗi ya ginu.

Ba kowane abu ne ke iya zama kuɗi ba. Ana son ya jure ajiya, ya yi sauƙin ɗauka, ya rabu ƙanana ba tare da asara ba, kowane ɗaya ya yi kama da ɗan'uwansa, ya yi wuyar jabu, kada kuma ya yi yawan da zai zama banza. Sama da duka, sai jama'a sun yarda da shi. Mutum yana karɓar takardar naira ne saboda ya tabbata gobe wani zai karɓa daga hannunsa.

Matsayin furfure a shari'ar Musulunci

Shari'a ta halatta musayar kaya da kaya, amma ta gindaya sharuɗɗa a kan wasu nau'o'i. Hadisin Ubada bin Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci abubuwa shida: zinariya, da azurfa, da alkama, da sha'ir, da dabino, da gishiri. Idan za a musanya ɗayansu da jinsinsa, tilas awo ya zo daidai, kuma a yi hannu da hannu. Bukhari da Muslim sun kuma ruwaito cewa Bilal ya taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) dabino mai kyau, wanda ya samo ta hanyar ba da sa'i biyu na maras kyau ya karɓi sa'i ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya bayyana masa cewa wannan riba ce, ya umarce shi da ya riƙa sayar da maras kyan tukuna, sa'annan ya sayi mai kyan da abin da ya samu. Wannan umarni ya dace da abin da masana tattalin arziƙi suka fahimta daga baya: idan ciniki ya bi ta kan farashin kasuwa, kowane ɓangare yana sanin haƙiƙanin darajar abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Shin furfure ne ya haifi kuɗi?

Littattafan makaranta sukan jera tarihin kamar tsani: da farko furfure, sai kuɗin ƙarfe, sai takarda, sai banki. Masana halayyar al'umma sun ƙalubalanci wannan jeri. Caroline Humphrey ta Jami'ar Kambirij a shekarar 1985, da David Graeber a littafinsa kan tarihin bashi na shekarar 2011, sun yi nuni da cewa ba a taɓa samun wata al'umma da rayuwarta gaba ɗaya ta dogara a kan furfure tsantsa ba. Abin da aka fi samu a tsakanin maƙwabta shi ne bashi da kyauta da ramuwa: a ba ka hatsi yau, ka rama da kaka, a yi maka gayya bana, ka je ta wani baɗi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Furfure kuwa an fi yin sa da baƙo, wanda ba a da tabbacin sake ganinsa.

Tarihin Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Dokokin Sarki Hammurabi, na wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ƙayyade lada da tara da awon azurfa da na sha'ir, fiye da shekara 1,000 kafin a buga kuɗin ƙarfe na farko a daular Lidiya da ke yammacin Turkiyya ta yau. Ma'ana, kuɗi ya fara aiki a matsayin ma'aunin lissafi tun kafin ya zama abin da ake sawa a aljihu. Kuɗin takarda ya fara ne a ƙasar Sin, inda gwamnatin daular Song ta karɓe buga shi a ƙarni na 11. A duniyar Musulunci, Halifa Abdulmalik bin Marwan ne ya buga dinarin da babu hoto a jikinsa sai rubutun Larabci, a shekara ta 77 bayan hijira.

Wannan muhawara ba ta rushe bayanin cikas huɗun da aka ambata ba. Abin da ta ƙara shi ne, bashin amana yana aiki ne a inda aka san juna, kuɗi kuwa yana ba da damar ciniki da wanda ba a sani ba.

Zamanin wuri

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma har yau idan ana son kambama yawan dukiya akan ce wuri na gugar wuri. Wurin da aka yi ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya aka riƙa kawo shi, da farko ta hamadar Sahara, daga baya kuma a jiragen ruwan Turawa. Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya ziyarci wuraren biyu a ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa a Maldibs ana sayar da wuri 400,000 a kan dinarin zinariya ɗaya, alhali a Mali da Gao dinarin wuri 1,150 ne. Ya kuma ga mutanen Mali suna ciniki da gutsattsarin gishiri, mutanen Takadda da ke Nijar ta yau kuma da sandunan jan ƙarfe. A Borno, gabaga, wato sawayen saƙa na auduga, ita ce ta daɗe tana wannan aiki.

Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Ya karɓu saboda ba ya ruɓewa, ba a iya ƙera na jabu, kuma ƙanƙantar darajarsa ta sa ana iya sayen ƙosai ko allura da shi. Wuri 20 shi ne hauya, 20,000 kuma keso. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300. Ciniki mai wannan girma, wanda ya haɗa masaƙa da marina da dillalan kasuwar Kurmi da fataken Gwanja masu kawo goro, ba zai yiwu da furfure kaɗai ba.

Wuri yana da nasa aibi guda biyu. Na farko nauyi. Keso guda kayan mutum ɗaya ne, ƙirga shi kuma aiki ne na musamman. Baturen Ingila Charles Robinson, wanda ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin dokinsa da ya kasa, amma sayar da shi ba shi da amfani, domin wurin da za a biya sai 'yan dako 15 sun ɗauka, ladansu kuma zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari. Don haka manyan fatake suka riƙa yin babban ciniki da dalar azurfa ta Mariya Tereza, da riguna, da dawaki, har ma da bayi, waɗanda a wancan zamani ake biyan manyan basussuka da su, abin da ya ƙara wa cinikin bayi ƙarfi. Aibi na biyu shi ne yawa. Daga shekarun 1840, 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Legas da maƙwabtanta. Da ya cika kasuwanni, darajar wuri ta yi ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Wannan ita ce hauhawar farashi tun kafin a san takardar kuɗi a wannan yanki, kuma sababinta bai canja ba: kuɗi ya ƙaru, kaya ba su ƙaru daidai da shi ba.

Daga sule zuwa naira

Turawan mulkin mallaka sun hana shigo da wuri a farkon shekarun 1900, suka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai buga kuɗi ɗaya ga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya su suka watsa sulalla har ƙauyuka. Daga wannan zamani Hausa ta gaji anini, da kwabo, da taro, da sisi, da sule, da fam. Jaka asalinta buhun fam 100 ce, shi ya sa bayan canjin kuɗi ta koma naira 200, yayin da a Nijar jaka ke nufin sefa 1,000, dala kuma sefa 5.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, aka kuma ƙaddamar da naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, a kan naira biyu fam ɗaya. Jerin takardun da suka biyo baya yana ba da labarin darajar naira: N20 a 1977, N50 a 1991, N100 a 1999, N200 a 2000, N500 a 2001, sai N1,000 a 2005. Kwabo kuwa ya ɓace daga kasuwa, kuma a duk shagon da aka miƙa wa mai saye alewa ko ashana a madadin canji, ɗan ƙaramin furfure ne ya dawo ta bayan gida.

Idan kuɗi ya gaza

Kuɗi yana gazawa ta hanya biyu: ya ɓace daga hannun jama'a, ko ya yi yawa har ya rasa daraja. Misalin ta farko shi ne sauya fasalin naira. Ranar 26 ga Oktoban 2022, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun N200 da N500 da N1,000, yana mai cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin takardu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi suka koma banki, sababbi ba su fito da yawa ba. Layuka suka cika bakin na'urorin cirar kuɗi, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, taransfa ta yi ta maƙalewa. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu kayan gwari da masu dabbobi da mutanen karkara marasa asusun banki, waɗanda suka karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi, wasu kuma suka koma musayar hatsi da kayan masarufi. Gero da shanu da tumatir duk suna nan a kasuwa a lokacin, abin da ya ɓace shi ne mai shiga tsakani. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu har 31 ga Disambar 2023, wa'adin da aka cire gaba ɗaya a watan Nuwamba na shekarar.

Hanya ta biyu ita ce hauhawar farashi. Zimbabuwe ta kai ga buga takardar dala tiriliyan 100 a farkon 2009, kafin ta jingine kuɗinta ta koma amfani da na ƙasashen waje. A Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, taba sigari ce ta zama kuɗin kasuwar bayan fage har zuwa gyaran kuɗi na watan Yunin 1948. Wannan misali yana nuna cewa ko an tilasta wa mutane komawa furfure, ba sa daɗewa a cikinsa, nan da nan sukan zaɓi wani kaya guda su mayar da shi kuɗi.

Najeriya ba ta kai wannan matsayi ba, amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'ana, kayan da aka saya a kan N100,000 a Disambar 2023 sun koma wajen N134,800 bayan shekara guda. A irin wannan yanayi aikin ajiya da aikin rubuta bashi su ne ke fara lalacewa. Ma'aikaci, wanda aka ɗaga mafi ƙarancin albashinsa daga N30,000 zuwa N70,000 a Yulin 2024, yana karɓar adadin da aka rubuta, amma mudun da adadin ke saye yana raguwa. Ɗan kasuwar da ya ba da kaya bashi na wata uku yakan karɓi kuɗinsa cif, ya je sari ya tarar ba za su maido masa da yawan kayan da ya bayar ba. Shi ya sa masu hali ke mayar da dukiyarsu buhunan hatsi, ko filaye, ko shanu, ko dala, dillalai kuma ke rage ba da bashi.

Furfure tsakanin ƙasashe

Gwamnatoci ma sukan koma musayar kaya idan kuɗin waje ya yanke musu ko takunkumi ya toshe hanyar biya. A 1984 da 1985, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniyoyin ba da ɗanyen mai a karɓi kayan masarufi da na masana'antu daga Burazil da wasu ƙasashen Turai. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, shi ma ya shafe shekaru yana ba da ɗanyen mai ana kawo masa tataccen fetur. A Disambar 2021, Siri Lanka ta amince ta biya Iran bashin mai na dala miliyan 251 da ganyen shayi, na dala miliyan 5 kowane wata.

Ko a waɗannan yarjejeniyoyi, da dala ake ƙiyasta man da shayin, wato kuɗi bai motsa ba amma shi ne ma'auni. Sukar da aka fi yi wa irin wannan ciniki ita ce ta ɓoyon farashi: idan babu kuɗin da aka biya a fili, yana da wuya mai binciken kuɗi ko ɗan majalisa ya gane ko an sayar da man ƙasa da araha, ko an sayo kayan da tsada.

A yau kaso mai yawa na cinikin birane ta waya da katin banki ake yin sa, Babban Banki ma ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoban 2021. Siffar kuɗi ta tashi daga wuri zuwa ƙarfe, zuwa takarda, zuwa lambobi a fuskar waya, amma sharuɗɗan da ake nema daga gare shi su ne dai na zamanin kasuwar Kurmi: ya samu a lokacin da ake buƙatarsa, ya isa hannun mai sayarwa ba tare da tangarɗa ba, kuma ya riƙe darajarsa daga ranar albashi zuwa ranar cefane.